Hannun Malam da Filin Jirginsa

Mijina ya cinye min ɗaki guda da filin jirgin sama. Kada wani ya ɗauka mun yi arziki, filin a kan falankin katako yake, girmansa bai wuce ƙyauren ɗaki ba in an kwantar da shi. Amma akwai titin jirgi a kai, akwai hasumiya, da rumfar awon kaya, da shingen waya, da bishiyoyin dogon yaro, da jirage waɗanda babbansu bai fi ludayin kokona tsawo ba. Ɗakin nan ni aka gina wa don in riƙa ajiye kayan turare. Da Malam ya yi ritaya sai ya ce in ara masa kusurwa ɗaya, ni kuma da wautata na ce to.

A unguwar Abbaganaram ta Maiduguri muke zaune tun aurenmu. Ni 'yar Hausari ce, sana'ata turaren wuta da humra, wurin uwar mijina na koya. Shi Babarbare ne haifaffen Shehuri, ɗan gidan malamai, amma boko ya ja shi ya zama akawu a filin jirgin Maiduguri tun yana saurayi, yana awon kayan maniyyata. Filin wancan zamanin yake ginawa, yadda ya san shi lokacin da gashin kansa ke baƙi. Na yanzu ba ruwansa da shi.

Gwangwanin madara ba ya kwana a gidana, kafin in waiga an fede shi an yi fiffike. Rariyata ta tankaɗe ta koma ta tankaɗen yashi. Soson wanke-wanke sabo fil ya yayyage shi ya rina, wai ganyen dogon yaro. Wata rana na ɗauko lafayata ta zuwa biki na tarar an gutsure mata gefe da almakashi. Na shiga ɗakin a fusace, sai ga gutsuren an ɗinke shi kamar 'yar jaka an rataye a kan tsinke. Ya ce ita ke nuna wa direban jirgi inda iska take kaɗawa, kuma a duk gidan babu ƙyalle mai wannan launin sai lafayata. Ranar har maƙwabta sun ji muryata, shi ko ɗago kai bai yi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi bai wuce tsananin ƙa'idarsa ba. Ya taɓa hawa keke napep har hanyar filin jirgi don ya ɗebo ƙasa a leda, wai ta tsakar gidanmu ta yi ja da yawa. Tagogin jirgi da allura yake huda su, bayan ya auna da rula ya sa ɗigo. In ɗaya ta fi 'yan uwanta tashi da abin da ido ba ya gani, sai ya jefar da ɓarin jirgin gaba ɗaya ya soma sabo. A inda jirgi ke tsayawa har ɗigon baƙin mai ya sa da bakin tsinke, ya ce haka injin yake yoyo a lokacin. 'Yarmu da ke aure a Maisandari ta ƙara lalata shi, ta haɗa shi a waya da wasu tsofaffi irinsa a ƙasashe daban-daban, mahaukatan jirage. Sai su wuni suna tura wa juna hotuna suna gardama a kan launin zanen da ke jelar jirgin da aka daina hawa tun ban haifi ɗan fari ba.

Mutum ne kaɗai babu a filin. Malam ya tashi a gidan da ba a sassaƙa abu mai rai, ya kuma riƙe wannan har tsufa. Sai ya riƙa nuna mutane da kayansu. Ga tabarmi shimfiɗe a gindin bishiya, ga takalma an tuɓe a gefe, kowane bai kai ƙwayar shinkafa ba, ga butoci, ga ƙunshin kaya an ɗaure da igiya, ga tukunya a kan murhu inda 'yan rakiya ke girki kafin jirgi ya tashi. In ka duba sai ka ɗauka mutanen sun shiga sallah ne yanzu za su fito. Wannan kam ya burge ni, amma ban taɓa gaya masa ba, don kada kansa ya ƙara girma.

Wata safiya yana shan shayi kofin ya suɓuce daga hannunsa. Na buɗe baki zan yi faɗa a kan tabarma, sai na ga bakinsa ya karkace. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Allah ya sa an kai shi asibiti da wuri, ƙafar ta dawo a hankali har yana takawa da sanda, maganar ma ta dawo amma da nauyi, sai ya yi ta neman kalma kafin ta fito. Hannun ne ya ƙi. Yana kwance a cinyarsa, yatsun sun soma lanƙwashewa ciki.

Ma'aikaciyar asibiti mai yi masa gashin hannun wata mata ce 'yar wajen Biu, Kirista, mai haƙuri da fara'a, tana zuwa har gida. Ta ja ni gefe a zaure ta ce, "Mama, ba zan ɓoye miki ba. Hannun nan bai mutu ba, akwai rai a ciki. Amma in Baba bai riƙa motsa shi da kansa a watannin nan na farko ba, zai sandare, kuma in ya sandare ya tafi ke nan." Ta bar masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa, da kwanon wake ya riƙa tsinta ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a wani kwanon.

Malam ya dubi waken ya dube ni ya ce, "Ni yaro ne?"

Ƙwallon ta gangara ƙarƙashin gado, can ta zauna. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira 'yarmu ta yi kuka a gabansa, duk a banza. Na ce ko jirginsa zai koma wa, tunda akwai wani babba mai inji huɗu da ya bari rabi. Ya ce hannun da ke rawa ba ya huda taga daidai, kuma in abu ba zai fita daidai ba gara a bar shi. Na ce to ya gwada da hagu. Ya kalle ni kamar na zage shi. Mutumin nan ko abinci ya ƙi ci da hagu, ni nake ba shi a baki, duk da wansa malami ya zo takanas daga Shehuri ya gaya masa lalura ce babu laifi. Abokansa na majalisa su zo ƙofar gida suna wushe wushe, gaisuwarsu ta Barebari, sai ya ce in ce musu yana barci, don ba zai iya miƙa musu hannun dama ba, hagu kuma ba zai miƙa wa dattijo ba. Na yi ƙarya har na gaji, su ma suka gane suka rage zuwa.

Ina kallo yatsun nan suna ƙara naɗewa. Mai gashi in ta zo ta buɗe su da ƙyar, yana cije baki, tana tafiya su koma. Tsoro ya kama ni sosai, ni kuma in tsoro ya kama ni faɗa nake yi.

Wata rana da hantsi na tsaya a kansa na ce, "Malam, tunda ka bar aikin nan, ɗakina nake so. Zan kwashe tarkacen nan in ba jikoki su yi wasa."

Na shirya wa tashin hankali, don wannan mutum ne da ba ya bari in shiga ɗakin da tsintsiya. Sai ya ce a hankali, "Ɗauki. Naki ne."

Na shiga madafa na rufe ƙofa na yi kuka mai isata. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Da na gama na wanke fuska, sai haushi ya dawo. Na kira matar maƙwabcinmu muka cicciɓo falankin nan da komai nasa muka dire a baranda, daidai gaban kujerar da yake wuni a kai. Na kwaso akwatin kayan aikinsa, reza, hantsaki, samfefa, gam, na zube. Na ce, "Tunda nawa ne, zan ƙarasa jirgina." Ba wata dabara a raina ranar, so nake kawai in ƙona masa rai yadda ya ƙona min.

Ni da ido nake awo. Shekara da shekaru ina haɗa turare, ban taɓa sa hawi ko sandal a sikeli ba, hannuna ya san abin da ya isa. Haka na tunkari jirgin. Na yanka gwangwani da almakashin ɗinki, fiffike ɗaya ya fi ɗaya faɗi, na ce oho, ai tsuntsu ma ba a auna shi aka yi ba. Gam ya manne min yatsu biyu sai da na jiƙa su a ruwan zafi. Malam ya juya fuskarsa bango, amma ina ganin idon yana dawowa ta gefe. A kwanakin farko tsaki kawai yake yi. Daga baya ya soma magana da bango, yana cewa wasu mutane ba su san an ƙirƙiro rula ba. Ni ma na gaya wa bangon cewa wasu mutane sun ba da kyauta kuma sun kasa cire ido.

Sannu a hankali ya juyo. Ya ce in goge bakin fiffiken da samfefa, kada ya yanki wani. Ya ce ba wannan fentin ba, wancan. Na ce in zai yi min shugabanci sai ya yi aiki, na ɗora masa gangar jikin jirgin a hannun hagu na ce ya riƙe min, don tana ta mirginawa a kan tabarma. Riƙewa ba ci ba ce, ba gaisuwa ba ce, sai ya karɓa.

Injinan huɗu shi ya riga ya yi su tun kafin ciwon, da murfin alƙalami da gwangwani, kyawawa, saura a liƙa su a ƙarƙashin fukafukai. Na liƙa na farko ya zauna. Na ɗauki na biyu na shafa masa gam, irin mai kamawa nan take. Ni a idona gaba da baya duk ɗaya ne, ashe bakin da ya fi faɗi shi ke duban gaba, ni kuma na juya shi yana duban jela. Na ji Malam yana wani gurnani. Bakinsa yana motsi, Hausa ta ƙi fitowa, ya nemi Barbarci shi ma ya maƙale. Hagunsa na riƙe da jirgin, in ya saki ya faɗi ƙasa. Ni kuma ina ta kai injin wurin fiffike hankalina kwance.

Sai na ji an ture min yatsu. Turewar ba ƙarfi, kamar kyanwa ta taɓa ka da ƙafa. Na duba, hannun dama ne. Ya taso daga cinyarsa, yana karkarwa, bayan yatsun ya daki nawa, injin ya faɗi a kan zanena ya manne.

Muka tsaya mu biyu muna kallon hannun. Shi ya fara kawar da kai. Da kalmar ta samu fitowa sai ya ce, "A juye yake."

Na ce, "To ai sai ka faɗa da baki, ba ka doke ni ba." Na tashi na ce zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba. A madafa na yi ta hamdala ina share hawaye da zanen da inji ke manne a jiki.

Daga ranar na zama muguwar ma'aikaciya da gangan. Kullum sai na tabbatar hagunsa na riƙe da wani abin da ba ya sakuwa, sannan in yi ɓarna a gabansa. Na ɗauko taya zan sa a saman fiffike. Na tsoma burushi a koren fenti na nufi titin jirgi. Na ɗauki bishiyar dogon yaro zan dasa a tsakiyar inda jirgi ke sauka, na ce ai fasinjoji na son inuwa. Wani lokaci hannun ya taso, wani lokaci ya kasa sai dai ya bi ni da harara, ni kuma in yi kamar na gane kuskurena da kaina. Akwai ranakun da ya gaji ya ce in kwashe kayana in ba shi wuri, akwai ranar da ya yi hawaye don hantsaki ya ƙi tsayawa a yatsunsa, ya wurgar da shi da hagu har cikin kwata. Na tsamo na wanke na mayar inda yake, ban ce uffan ba, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne.

Mai gashi ta zo ta buɗe yatsun ta ji sun yi laushi. Ta ce, "Baba, ka soma tsintar waken ke nan?" Ya ce waken an yi alala da shi tuni. Ta dubi barandar da ta cika da yankakken gwangwani, ta dube ni, na ɗauke kai. Ta yi dariya ta ce ko mene ne muke yi, mu ci gaba. Ta nuna min yadda zan naɗe ƙotar burushi da tsumma ta yi kauri don ya iya damƙa.

Malam ba wawa ba ne. Wata rana na ɗauko hasumiya zan kafa ta a kife, sai ya ce, "Hajiya, ya isa. Ko jikarki ta san kan hasumiya daga gindinta."

Na ce, "Ni jahila ce, me na sani?"

Ya ce, "Jahilar da ba ta kuskure sai hannuna na hagu ya cika." Ya yi murmushi da rabin bakin da ke aiki sosai, ya ce in miƙo masa samfefa. Na miƙa ta ɓangaren dama, ya daɗe kafin yatsun su rufe a kanta, amma sun rufe.

Hannun bai koma yadda yake ba, kuma mai gashi ta ce kada mu sa rai zai koma duka. Amma bai sandare ba. Ya soma kai loma bakinsa da cokali, rabi a baki rabi a riga. Ran wata Juma'a abokansa biyu suka leƙo, na buɗe baki zan yi ƙaryar da na saba, sai na ji muryarsa daga baranda yana cewa su shigo. Ya miƙa musu hannun da rawarsa da komai, suka riƙe shi suka yi ta gaisuwar nan tasu ta Barebari mai tsawo wadda ba ta ƙarewa. Suka zauna suna duban filin, ɗaya yana nuna rumfar awo yana cewa a nan ya raka mahaifiyarsa.

Abin kunyar shi ne ciwon nasa na ƙa'ida ya kama ni. Na tsinci kaina ina ɗaukar rula. Na huda jerin tagogi da allura, ɗaya ta kauce, ba wanda ya gani sai ni, na kasa haƙuri sai da na sake. Mata su zo sayen humra su tarar da ni da gilashinsa a ido ina liƙa taya, su ce Hajiya lafiya, in ce su auna da kansu su ajiye kwalbar.

Da jirgin mai inji huɗu ya kammala, saura matakalar da fasinja ke hawa. Malam ya ce wannan shi zai yi, kada in taɓa. Tsinken ashana ake yankawa a jera, sannan a lanƙwasa siririyar waya a yi abin dafawa gefe da gefe. Aikin da a da yake gamawa tsakanin azahar da la'asar, ya ɗauke shi kusan duk damina. Ashana ta zame, gam ya zube, wayar ta soke shi. Na zauna a gefe ina cuɗa turare a kasko, ina danne hannuwana don kada su kai masa agaji.

Ranar da ya gama, ya ɗauke ta da hantsaki, da hannun dama, ya kai ta jikin ƙofar jirgin ya ajiye. Na sa gilashi na sunkuya. Matakan ba su yi daidai ba, wasu sun matse wasu sun buɗe, abin dafawa na gefe ɗaya ya karkace waje, ga busasshen gam ya yi tudu a gindi. Bakina da ba ya shiru ya riga hankalina.

Na ce, "Malam, ta karkace. Kawo in ɗan gyara maka wayar, ba za a ma gane ba."

Ya sa hannun ya tare nawa. Ya daɗe yana duban matakalar, na san ya ga duk abin da na gani har da wanda ban gani ba.

Ya ce, "Bar ta. Ni na yi ta."

Sannan ya ce in ɗauko waya in ɗauki hotonta daga kusa, ta gefen da ya karkace, in tura wa tsofaffin nan abokan gardamarsa.